Yadda ake rainon furen biyolet a zafin Yamai, tun daga ganye guda

Duk wadda ta shigo salon ɗina a Yantala sai ta kai hannu ta taɓa ganyen nan ta ji ko roba ce. Ganye mai kauri mai gashi-gashi kamar karammiski, ya yi da'ira kamar faifai, ga fure shunayya a tsakiya da ɗan ɗigon ruwan ɗorawa a cikinsa, duka-duka shukar ba ta wuce tafin hannu biyu ba. In na ce mai rai ce sai a ce to ya aka yi ta rayu a garin nan. Shi ne na ce bari in zauna in faɗi yadda nake yi daki-daki, don wallahi ina son furen nan, kuma ina baƙin cikin yadda ake kashe shi da ganganci alhali so ne ya sa ake yi masa abin da ake yi.

Masu faransanci suna ce mata biyolet afirken, a littafi kuma Saintpaulia, ko da yake yanzu masana tsirrai sun mai da ita cikin dangin Streptocarpus. Ƴar Afirka ce ta asali, daga duwatsun Usambara na arewa maso gabashin Tanzaniya wajen Tanga, akwai ƴan uwanta kuma a wasu duwatsun Tanzaniya irin su Uluguru da Nguru har zuwa kudancin Kenya. A 1892 wani Bajamushe mai mulkin yankin, Walter von Saint Paul-Illaire, ya aika wa babansa irinta a Jamus, a 1893 wani masanin tsirrai Hermann Wendland ya raɗa mata sunan gidansu, daga nan ta bazu duniya har ta zama furen taga a Turai da Amurka, a can gidanta kuwa sarar daji na ta cinye mata wuri. Ba don tarihi kawai na kawo wannan ba. Ku dubi inda take fitowa, a jikin dutse take maƙalewa cikin gansakuka, ƙarƙashin manyan itatuwa, kusa da ƙorama, rana ba ta dukanta, iska kullum da laima, ruwa in ya zo wucewa yake ba ya kwanciya a saiwarta. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya fito. Tana son digiri 18 zuwa 25, in ya haura 30 ta fara wahala, mu kuwa a Afrilu da Mayu mun san 42 ba labari ba ne. Don haka maganar a dasa ta a garka ko a tsakar gida ko ƙarƙashin bedi ma ba ta taso ba, shukar cikin ɗaki ce.

Abu na farko, lokaci. Kar ku fara a bazara, kar ku fara a tsakiyar ɗari. Ku jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, lokacin da iska ta yi laushi zafi ya sauka, nan ne ganye ke saurin yin saiwa, kuma shukar za ta samu wata takwas ko tara ta yi ƙarfi kafin babban zafi ya dawo.

Na biyu, ku zaɓi wuri tun kafin ku nemo shukar. Haske take so mai yawa amma ba rana tsirara ba. Tagar yamma ku manta da ita kwata-kwata, ranar la'asar ta Yamai ko ta bayan gilashi ce sai ta ƙona ganyen ya yi tabo kamar an ɗora masa dutsen guga. Tagar gabas da rido mara kauri ta yi. Tagar arewa ta fi kowacce a yawancin shekara, amma ga wani abu da na lura da shi a gidana, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana karkata ta arewa a nan wajenmu, sai ka ga tagar da ba ta taɓa ganin rana ba ta fara samu da safe da yamma, to a watannin nan a sa mata rido ko a ja shukar baya. Gwaji mai sauƙi, ku miƙa hannu a wurin da tsakar rana, in inuwar hannun ta fito dishi-dishi wurin ya yi, in ta fito tar kamar an zana, haske ya yi yawa, in babu inuwa sam duhu ya yi yawa, za ta yi ganye amma ba za ta yi fure ba. Wanda ɗakinsa ke da duhu, ampul LED fari ya wadatar, a rataye shi kamar santimita 30 sama da ganyen, awa 10 zuwa 12 a yini, da dare a kashe don ita ma tana bukatar duhu kafin ta yi fure. Duk sati a ɗan juya tukunyar kar ta karkace gefe guda.

Sai samun ta. Ba kullum ake ganin ta wajen masu pepiniyar ba, ku dai tambaya a bakin kogin Isa wajen masu saida furanni ku nuna musu hoto a waya, amma hanyar da ta fi ita ce roƙon ganye guda wajen mai ita. Ni haka na samu tawa ta biyu, wata Hajiya maƙwabciyarmu ce ɗiyarta ta kawo mata daga waje, na je na durƙusa na gaishe ta na ce Hajiya ganye ɗaya nake roƙo, ta dube ni ta ce ɗiyata ganye kuma, me ganye zai yi miki, ki ɗauki tukunyar mana in kina so. Na ce a'a Hajiya ganyen ya isa. Daga ganyen nan guda yanzu tukwane bakwai gare ni. In za ku cira, kar ku ɗauki tsohon ganyen ƙasa da ya fara laushi, kar ku ɗauki jaririn tsakiya, na layin tsakani mai ƙarfi mai sheƙi shi ake so, a ɓalle shi da karansa gaba ɗaya, a naɗe da ɗan tsumma mai laima a sa cikin leda har a iso gida.

Ƙasa kuma, a nan mutane da yawa ke faɗuwa. Jar ƙasar tsakar gida ba ta yi, rairayi zalla bai yi, takin shanu ko na tumaki ko kashin kaji wanda muke zuba wa salati da yalo zai ƙone ta cikin kwana kaɗan. Saiwarta siririya ce kamar gashi, iska take so ta ratsa. In kun samu tero na buhu irin wanda ake kawowa don furanni, madalla, a haɗa shi da wani abu mai sa shi sakwa-sakwa. In babu, ga haɗin da nake yi da abin da ke garinmu. Kashi 2 na ruɓaɓɓen ganyen itace wanda ya zama baƙi ƙirin ya daina wari, a tankaɗe shi. Kashi 1 na ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi amma bai zama toka ba, ɓuntu kam ba ya wuya ga masu noman shinkafa a Saga da Kirkisoy. Kashi 1 na gawayi da aka daddaka ya zama kamar ƙwayar dawa, a wanke shi garin ya fita, haɗe da ɗan yashi mai kauri wanda shi ma an wanke. Toka kar ta shiga ko kaɗan, tana da kanwa-kanwa, ita kuwa shukar nan ƙasa mai ɗan tsami-tsami take so. In an haɗa sai a yayyafa ruwa a zuba cikin tsohon madambaci a turara kamar dambu na minti 30, wannan yana kashe ƙwan ƙwari da cutar da ke ruɓar da saiwa, a bar shi ya huce sarai har washegari. Kafin ku yi aiki da shi ku dunƙula a hannu ku saki, in ya wargaje da kansa ya yi, in ya tsaya curi kamar fura a ƙara ɓuntu da gawayi.

Tukunya ƙarama, kuma mara zurfi. Ƙa'idar ita ce faɗin bakin tukunya ya zama kashi ɗaya cikin uku na faɗin ganyen gaba ɗaya, wato shuka mai faɗin santimita 24 tukunyar santimita 8 ta ishe ta. Na san ido zai ce an matse ta, a'a haka take so, babbar tukunya ruwa take riƙewa a inda saiwa ba ta kai ba sai ruɓa ta biyo. Na dashen ganye kuwa robar yawurt ta isa, a ɗora ƙusa a wuta a huda gindin wuri huɗu ko biyar.

Yanzu dashen. A samu reza sabuwa, a yanke karan ganyen a bar kamar santimita 3, yankan a karkace ba a miƙe ba, ɓangaren da aka fere ya dubi sama wajen fuskar ganyen, don ta nan ƴaƴan za su fito. A aje shi minti 20 bakin yankan ya ɗan tsane. A cika robar da haɗin nan mai ɗan laima, ba jagab ba, a huda da tsinke a sa karan kamar santimita ɗaya da rabi, a ɗan kishingiɗar da ganyen, in yana faɗuwa a tokare shi da tsinken ashana. A kifa farar leda mai haske a kai a huda ta biyu-uku, a aje inda haske yake ba rana. Kullum da safe a ɗaga ledar minti biyar iska ta shiga, in gumi ya taru da yawa yana ɗiga kan ganyen a goge. Daga nan sai haƙuri. Sati uku zuwa huɗu saiwa ta fito a ƙasa ba ku gani ba, kar ku ja ganyen don ku duba, don Allah kar ku ja. Wata biyu, wani lokaci har uku, sai wata safiya ku ga wasu ƴan kunnuwa kore-kore masu gashi, ba su kai ƙwayar wake ba, sun turo ƙasa a gindin karan. Ranar da na fara ganin nawa ina tsugune da butar alwala a hannu, sai da na kira yara duka suka zo suka gani. Ganye guda yana iya ba da ƴaƴa uku, biyar, wani ma fiye. A bar su tare da uwar har kowane ya yi ganye huɗu, faɗin ganyen ya kai kamar kuɗin ƙarfe na dala goma, sannan a juye robar a hankali a raba su da yatsa, kowa da tasa robar. Wajen dasawa a kula da zuciyar, wato tsakiyar nan inda sabon ganye ke fitowa, ta zauna daidai saman ƙasa, in aka binne ta ta mutu. A sake kifa musu leda sati biyu. Fure kuwa yawanci sai bayan wata tara zuwa shekara daga ranar da aka dasa ganyen.

To ban ruwa, nan zan daɗe don nan ne rai da mutuwarta. Tawa ta farko da na saya da kuɗina a hannuna ta mutu, kuma tausayi ne ya kashe ta. Afrilu ne, na dawo daga aiki na tarar ganyen ya yi laushi ya kwanta a bakin tukunya, na ce ƙishi ne, na ɗauko ruwan firigo na kwarara mata ta sama, washegari na ƙara, jibi na ƙara. Kafin sati ganyen duk ya yi tabo fari-fari kamar zobe, gindin ya yi baƙi ya narke, da na ɗaga ta sai ta rabu da ƙasar ba saiwa ko ɗaya. Daga baya na gane abu biyu. Ruwan da ya fi ganyen sanyi in ya taɓa shi yana kashe masa wurin, tabon kuma ba ya gogewa har abada. Na biyu, a cikin zafi ganye yana yin laushi ko da ƙasa na jiƙe, in saiwa ta fara ruɓa ma laushin yake yi, don haka laushi ba shi ne shaidar ƙishi ba. Yatsa ne shaida. Ku tura yatsa gaɓa ɗaya cikin ƙasar, in da laima ku bar ta ko da ganyen na kwance, in ya bushe sannan ku ba ta. Ko ku ɗaga tukunyar ku ji nauyinta, bayan ɗan lokaci hannu zai gane.

Yadda ake ba ta, ta ƙasa. A zuba ruwa a faranti mai ɗan zurfi a zaunar da tukunyar ciki minti 20 zuwa 30, ta sha ta hujin gindi, a ɗauke a bar ta ta tsane, a zubar da ragowar. Kar ta kwana cikin ruwa. Ruwan kuma ya zama wanda ya kwana cikin ɗakin da take, ba na firigo ba, ba na randa mai sanyi ba, kuma ba na pompo kai tsaye ba, kun san yadda ruwan pompo ke fitowa da rana a bazara kamar an dafa shi, ni bido nake cikawa in bar shi a buɗe ya kwana. Masu ruwan foraj ku lura, in kuka ga farin abu kamar gishiri yana taruwa a bakin tukunya to ruwan yana da nauyi, ku nemi ruwan sama ku tara (ban da na farkon damina mai wanko ƙurar kwano), ko ruwan da ke ɗiga daga kilimatizer, shi ba gishiri a cikinsa. Wata dabara kuma ita ce lagwani, a samu zaren nailan ko na saƙa irin na roba, ba na auduga ba don yana ruɓewa, a zura shi ta hujin gindi ya shiga cikin ƙasar, ɗayan bakin ya sauka cikin kwalbar ruwa da tukunyar ke zaune a kanta, sai ta riƙa jan abin da take bukata. Yana taimakon mai tafiya ƙauye kwana biyu, amma sai ƙasar ta zama sakwa-sakwa ƙwarai, in ba haka ba za ta jiƙe ta wuce misali.

Taki kaɗan-kaɗan. Irin na ruwa ko na gari mai narkewa da ake yi don furanni, a ɗauki rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalin. Ure da ƙwayoyin takin gona kar a barbaɗa mata. Sau ɗaya a wata a zuba ruwa zalla ta sama, a gefen tukunya ba kan ganye ba, ya ratsa ya fita ta ƙasa ya wanke gishirin takin.

In ɗari ya shigo zafi ya yi sauƙi, lokacin ma ta fi yi mini fure, amma iska ta bushe ƙayau ga ƙura. Gashin ganyen nan kama ƙura yake kamar bargo. Kar a goge da tsumma jiƙaƙƙe, a samu burushi mai laushi irin na kwalliya sabo a riƙa sharewa daga gindi zuwa baki. Don laima kuma a zuba tsakuwa a tire a sa ruwa, a jera tukwanen kan tsakuwar ba tare da gindinsu ya taɓa ruwan ba, a haɗa su wuri guda kusa da juna. Ban yarda da fesa mata ruwa ba, tabo yake kawowa. Daren Disamba da Janairu a rufe taga, ƙasa da digiri 15 ba ta so.

Bazara ita ce yaƙin, kuma ba zan ɓoye muku ba, wanda ɗakinsa kwano ne ba silin, ba abin sanyaya iska ko ɗaya, zai sha wuya ya fitar da ita daga Afrilu da Mayu. Abin da nake yi tun tsakiyar Maris, ina sauko da su daga taga zuwa ƙasa, ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da bangon da rana ke duka. Ina tsinke duk wani toho na fure da hannuna, yana da ciwo amma ƙarfinta nake so ta riƙe. Ina tsai da taki gaba ɗaya, ba dashe, ba canjin tukunya. Sai in samo kasko mai faɗi na yumɓu irin wanda matan Bubon ke ginawa, wanda ba a shafa wa fenti ba, in zuba yashi in jiƙa shi, in nutsa robar shukar cikin wata robar da ba huji, ita kuma in binne ta cikin yashin har wuya. Yadda randa ke sanyaya ruwa haka kaskon ke sanyaya saiwar, kuma ruwan yashin ba ya shiga ƙasarta. Safe da yamma yashin nake jiƙawa, ba shukar ba. Mai imidifikater ya huta, don shi sanyi da laima yake bayarwa tare, ya ma fi kilimatizer dacewa da ita, shi kilimatizer busar da iska yake, in a ɗakinsa take kar iskar ta riƙa dukanta kai tsaye kuma tiren tsakuwa ya zama dole. In aka ɗauke kuran da rana ina jiƙa zane in rataya a kujera kusa da su in bar ƙofa a buɗe. Leda kuwa a bazara kar a kifa mata, dafa ta za ta yi. Kuma kafin zafin ya kama nakan kai tukunya ɗaya gidan yayata mai ɗaki mai sanyi, in tawa ta tafi iri bai ɓace ba.

Ƙwari, wanda ya fi damuna wani farin abu ne kamar ɗigon auduga da ke ɓuya a hammatar ganye yana tsotse ta. Alkol na farmasi da auduga a kan tsinke, a bi su ɗaya-ɗaya a dangwala, a sake bayan kwana biyar, a sake kuma, sai an yi sati uku ba a ga ko ɗaya ba. In kun ga garin rawaya ya zube kan furen kamar an barbaɗa, wasu ƴan ƙwari sirara ne ke cin cikinsa, a cire furanni da toho duka a jefar nesa. Sabuwar shuka daga waje ta yi wata guda ita kaɗai kafin ta shiga cikin sauran. In gindi ya riga ya ruɓe kuwa kar a ɓata lokaci, a ciri ganyen da ke da sauran ƙarfi a dasa su a sabuwar ƙasa, tsohuwar ƙasar a zubar.

Wadda ta yi ganye shar amma ta ƙi fure, abu uku nake dubawa, haske ya yi kaɗan (za ku ga ganyen na miƙewa sama kamar mai roƙo), ko tukunya ta yi girma, ko ƴan reshe sun fito a gefen gindi suna raba mata ƙarfi. Su waɗannan a ƙwaƙule su da tsinke tun suna ƙanana, in sun ɗan tasa ma a dasa su, sun fi ganye saurin girma. Furen da ya yanƙwane a tsinke shi da karansa. Bayan shekara za ku ga ganyen ƙasa sun zube ta yi dogon wuya kamar kabeji, to in damina ta zauna a fiddo ta, a yanke ƙasan saiwar daidai tsawon wuyan, a ɗan kankare wuyan da bayan reza, a mai da ita cikin tukunyarta ta dā da sabuwar ƙasa har wuyan ya nutse, a kifa leda sati uku, sabuwar saiwa za ta fito a jikinsa. Biyu daga cikin nawa suna jiran wannan aikin, na riga na turara ƙasarsu na ɗaure a buhu, kuma akwai robar yawurt guda da na ware, ta Hajiya ce, don tata ba ta fita bazarar bara ba.